Tsohuwar da Ta Ƙi Rufa Mana Asiri

Wani dattijo ya tare a benen da ke samanmu cikin watan jiya. Yana tafiya da irin ƙarfen nan mai ƙafa huɗu da tsofaffi ke dogarawa, an cusa masa ƙwallon tanis a ƙafafun baya don kada ya karce daɓe. Kowace safiya ina jin sa ta rufin ɗakina, ya ja, ya tsaya, ya sake ja. Ranar da na fara ji ina riƙe da kofin shayi, sai na ga shayin ya huce a hannuna ban kurɓa ba. Na san wannan ƙara. Kusan shekara guda na yi ina bin bayanta kowace Lahadi, lokacin ina 'yar shekara tara.

A lokacin shekararmu biyu ke nan da zuwa Amurka daga Jos. Muna zaune a unguwar Parkchester ta Bronx, cikin dogayen gidajen nan na jan bulo da suka yi kama da juna har yaro ya ɓata a ƙofar gidansu. Baba yana tuƙin tasi. Umma kuma tana jinyar tsofaffi a gidajensu, ƙarƙashin wani kamfani mai tura ma'aikata. Wata maƙwabciyarmu 'yar Kumasi ce ta nuna mata hanyar aikin, kuma ita ce take riƙe ni ran Lahadi. Da aka canja wa maƙwabciyar ranakun aiki, sai Lahadi ta zama mana matsala. Asabar ina Islamiyya. Lahadi kuwa Baba yana layin filin jirgi tun asuba, Umma tana wajen aiki, ni kuma ban kai a bar ni ni kaɗai ba.

Dokar kamfanin a fili take: ba a zuwa da yaro gidan wanda ake jinya. Umma ta san da ita, ta sa hannu a takardar. Amma da ta yi wa tsohuwar da take kula da ita bayanin dalilin da zai sa ta ajiye ranar Lahadi, sai tsohuwar ta ce, “Ki zo da ita.” Umma ta kwana biyu tana juya maganar. Ran Lahadi ta tashe ni, ta ɗaura mini ɗankwali, muka hau jirgin ƙasa mai lamba shida, muka sauya zuwa mai lamba bakwai, muka sauka a Queens.

Baturiya ce, doguwa, ta haura tamanin, tsohuwar malamar firamare. Gashinta fari fat, an yanke shi gajere. Gidanta ya ba ni mamaki saboda rashin kaya. Kujera biyu, tebur, littattafai, da shuka guda a taga. Mu da ke sabbin zuwa ma falonmu ya fi nata cika. Na durƙusa na gaishe ta kamar yadda aka koya mini. Ta dube ni daga sama, ta ce in tashi, ita ba ta iya durƙusowa ta same ni, kuma ba ta son yin magana da tsakar kan mutum. Ta faɗa mini sunanta na yanka, ta ce da shi zan riƙa kiranta, ba malama, ba komai.

Na dubi Umma. Umma ta yi mini kallon da na san ma'anarsa. Sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba, har yau kuma ba zan iya rubuta shi ba. Kaka na riƙa ce mata. Da ta tambayi ma'anar kalmar aka gaya mata, ta yi ɗan tunani ta ce to, ta karɓa, tun da dai ba muƙami ba ne.

Aikin Umma na Lahadi shi ne ta yi mata wanka, ta shirya ta, ta raka ta wurin ibadarsu. Ɗarikarsu ana ce mata Kweka, su kuma suna kiran junansu Abokai. Tafiyar da ni zan yi cikin minti biyar, mukan yi ta cikin ashirin. Kaka a gaba da ƙarfenta, Umma riƙe da damtsenta, ni a baya da jakar magunguna.

In ka taɓa shiga coci ko masallaci, to ka ajiye abin da ka sani a ƙofa. Tsohon ɗaki ne na katako, fentinsa fari, da dogayen bencina suna fuskantar juna. Babu gicciye, babu mumbari, babu hoto, babu mai jan gaba. Mutane su shigo su zauna, shi ke nan. Ba waƙa, ba karatu. Ka ji numfashin na kusa da kai, ka ji cikin wani yana ƙugi, ka ji bas ta wuce a waje. Wurin yana warin tsohon itace da jiƙaƙƙun riguna. Wani lokaci mutum ya miƙe ya faɗi magana biyu ko uku ya zauna, ba mai amsa masa. Wani lokaci awa guda ta cika ba wanda ya ce uffan. Sai wasu biyu su yi musafaha, kowa ya gane an tashi.

Umma takan zauna a bencin ƙarshe kusa da ƙofa, carbinta a cikin aljihun riga. Daga baya ta gaya mini cewa wannan awa ita kaɗai ce a mako da ba wanda ke kiranta.

Baba bai ji daɗin labarin ba da farko. Ya ce shi bai kawo 'yarsa Amurka don a kai ta coci ba. Wata Lahadi ya bar layin filin jirgi ya biyo mu don ya gani da idonsa. Ya zauna ya harɗe hannu, yana jiran a fara. Bayan minti goma ya sunkuyo ya raɗa wa Umma, “Wai ina limamin nasu?” Bayan minti ashirin, in ji Umma, barci ya kwashe shi, kansa jingine da bango, har da ɗan minshari. Ba wanda ya tashe shi, ba wanda ya waiwayo. Da aka tashi wani dattijo ya ba shi hannu ya ce ya ji daɗi da ya samu hutu. A mota, da muka hau gada, Baba ya ce, “Ki riƙe sallarki. Sauran ba komai.”

Mu yara minti goma sha biyar kawai muke yi cikin shirun, sai a sauka da mu ɗakin ƙasa. A can wata mata mai tabarau take ba mu labarin mutanensu na farko, muna zane da fensir mai launi. Ta ce abin ya faro ne a Ingila fiye da shekara ɗari uku da suka wuce, lokacin da wasu talakawa suka ce akwai wani haske na Ubangiji a cikin kowane mutum, don haka babu wanda ya fi wani. Suka ƙi cire hula a gaban alƙali. Suka ƙi ɗaukar makami. A Turancin wancan zamani akwai yadda ake yi wa babba magana da jam'i, kamar yadda muke ce wa manya “ku”, su kuma suka ce a'a, sarki da mai shara duk “kai” ne. Da na kawo wa Umma wannan labari sai ta ce, “To ke gwada ce wa kawunki kai, ki ga haske.”

Matar ba ta ɓoye mana abin kunyarsu ba. Ta ce da yawa daga cikinsu sun mallaki bayi, kuma sai da suka yi kusan shekara ɗari suna zama shiru suna jayayya kafin su yarda gaba ɗaya su daina. Bayan nan ne wasunsu suka riƙa ɓoye bayin da suka gudu a rumbuna da ƙarƙashin daɓe. Ni kaɗai ce baƙar fata a ajin, kuma na lura ba ta kalle ni ba sa'ad da take faɗa, ba ta kuma kauce wa kallona ba.

Amma labarin da ya fi zama mini shi ne na rantsuwa. Ta ce an ɗaure da yawansu a kurkuku saboda sun ƙi rantsuwa a kotu. Hujjarsu ita ce wanda ya rantse yau zai faɗi gaskiya, kamar yana cewa sauran ranaku ba dole ba ne. Ni da na tashi a gidan da ake cewa wallahi a kan ragowar shayi, abin ya ba ni dariya. Na ɗauka tatsuniya ce irin ta mutanen da.

Ashe Kaka haka take. Wata rana Umma ta kawo mata tuwon shinkafa da miyar kuka daga gida. Ta ci loma uku a hankali. Umma ta tambaye ta ko ya yi daɗi. Ta ajiye cokali ta ce, “A'a, santsin ya yi mini yawa. Amma na gode da kika tuna da ni tun daga gida.” Umma ta yi ta dariya a cikin jirgi har Parkchester, tana cewa ita ba ta taɓa ganin baƙon da ya ci abincin mutum ya ce babu daɗi ba. Mako na gaba ta kai mata dafa-duka, ta cinye tas, kuma da ta ce ya yi daɗi mun san ya yi.

Haka muka ci bazara, muka ga ganye ya yi ja ya zube, aka shiga sanyi. Abin ya faru ne cikin Janairu, washegarin da ƙanƙara ta narke ta sake daskarewa. Mun fito daga wurin ibada, muna gab da tsallaka titi, sai safar hannuna ta faɗi ta gangara bakin kwalta. Ban yi tunani ba na sauka in ɗauko. Wata mota tana shan kwana. Umma ta saki damtsen Kaka ta fizgo ni ta wuyan riga. Daƙiƙa biyu ne, ba su fi ba. Da muka juyo Kaka tana ƙasa, ƙarfen ya kife a gefenta, hannunta na dama ya lanƙwashe yadda hannu ba ya lanƙwasa.

Ba ta yi ihu ba. Tana kwance a kan ƙanƙara ta tambaya ko motar ta taɓa ni.

A asibiti aka ce wuyan hannun ya karye. Dole Umma ta cika takardar rahoto ta kai kamfani. Ta rubuta cewa tsohuwa ta zame a kan ƙanƙara tana riƙe da ita. Ba ta ambace ni ba. Kwana biyu bayan nan muka je dubiya da yamma, ni ina tsaye a bakin labule da ledar lemo, Umma ta ja kujera kusa da gadon. Ta yi ƙasa da murya, cikin Turancinta da ba ya da yawa.

“Mama, sufabaiza daga kamfani za ta zo gobe. Don Allah kar ki ce akwai yarinya.”

Kaka ta dubi rufi. Ta ce, “Ba zan fara kawo maganar ba. Amma in ta tambaye ni, ba zan iya ce mata babu ba.”

“Aikina ne, Mama. Za su kore ni.”

“Na sani. Zan gaya mata ni na ce ki zo da ita. Zan gaya mata kin ceci 'yarki ne, kuma ni ma da haka zan so ki yi.”

“Ba ruwansu da wannan. Kalma ɗaya ce kawai. Ki ce a'a.”

Hawaye ya gangaro wa Kaka ta gefen ido ya shiga kunnenta, ba ta share ba. Ta ce, “Ki yi haƙuri. Ba zan iya ba.”

Umma ta miƙe, ta gyara mata bargo don hannunta ya riga ya saba, ta karɓi ledar lemon ta ajiye a kan durowa, ta ja ni muka fita. Muka kama hanyar gida. Ni kuwa ina ta addu'a a zuci kada matar ta tambaya.

Ta tambaya. Wani daga cikin masu motar asibiti ya riga ya rubuta cewa ya ga yarinya a wurin. Kaka ta faɗi duk abin da ta ce za ta faɗa. Kamfanin ya sallami Umma kan laifi biyu, zuwa da yaro da kuma rahoton ƙarya. Na sha tambayar kaina ko da Kaka ta ce a'a za a yarda da ita a kan mai motar. Wataƙila. Tsohuwa ce mai hankalinta, ba wanda zai ƙaryata ta. Ba zan taɓa sani ba.

Wata uku Umma tana gida. Baba ya ƙara awoyi har ya zama ba na ganinsa sai takalmansa. Ba wanda ya ce laifina ne, ko sau ɗaya, amma na daina sa safar hannu har sanyin ya wuce, yatsuna suka tsattsage. Mun ji Kaka ta sa an rubuta mata wasiƙu zuwa kamfanin da hannun wani, kuma mutum huɗu daga Abokan sun je ofishin sun zauna har aka saurare su. An saurare su, aka ba su ruwa, ba abin da ya canja. A ƙarshe Umma ta samu aiki a ɗakin wanki na wani gidan tsofaffi a Staten Island. Jirgin ƙasa, jirgin ruwa, sannan bas, awa biyu zuwa awa biyu dawowa, tsayuwa kuma awa takwas a kan siminti. A can gwiwoyinta suka fara ciwo.

Cikin Mayu, wata Lahadi da rana, aka buga ƙararrawa. Matar nan mai tabarau ce ta kawo Kaka a mota. Kaka ta rame, hannun yana cikin ɗauri mai laushi. Umma ta tsaya a ƙofa kamar ba za ta matsa ba, sannan ta matsa. Baƙo baƙo ne. Ta shimfiɗa mata filo a kujera, ta dafa shayi, ta ajiye, ta koma ɗaya kujerar ta zauna tana kallon talabijin da ba a kunna ba.

Sun fi rabin awa a haka. Na saba da shiru a wancan ɗakin na katako, amma wannan daban ne, yana da nauyi. Kaka ce ta fara magana, ta ce in fassara wa Umma da Hausa don kada kalma ta ɓace.

“Ban zo don ki ce na yi daidai ba. Da ranar za ta dawo, abin da na faɗa zan sake faɗa. Amma tun farko da na ce ki zo da ita, na san da dokar, kuma ban tsaya na yi tunanin wa za ta ci ba. Wannan nawa ne.”

Na fassara. Umma ta ce, “Gaya mata ita ta yi gaskiya, ni na biya.”

Na tsaya ina inda-inda. Kaka ta ce, “Faɗa mini yadda ta faɗa.” Na faɗa. Ta gyaɗa kai ta ce haka ne.

Sai idon Umma ya sauka a ƙafafunta. Ta yi tsaki. Ta tambayi wa ke kula da ita yanzu, aka ce mutum uku aka canja. Ta tashi ta durƙusa, ta cire mata takalmi, ta ga an sa mata safar kumburi a murɗe har ta yi shata a ƙwauri, farcen kuma ya yi tsawo ya fara shiga nama. Ta ce in ɗebo ruwan ɗumi a roba in kawo abin yanke farce. Tana yi tana faɗa da Hausa, wai mutane ba sa tsoron Allah, a bar tsohuwa haka. Kaka ba ta nemi in fassara wannan ba. Ta rufe ido kawai.

Ba ta sake zuwa ba, mu ma ba mu koma Queens ba. Takan aiko mini da littafi duk ƙarshen shekara. A shekara ta uku littafin bai zo ba, sai kati daga matar mai tabarau cewa Kaka ta rasu. Ranar da suka yi zaman tunawa da ita Umma tana aiki, ba a ba ta hutu ba.

Yanzu ni tafinta ce a wani asibiti a nan Bronx. Tsofaffinmu na Kano da Maradi da Kumasi sukan zo, in tsaya tsakaninsu da likita. Kusan kowane mako sai wani ya kamo hannuna ya ce, “'Yata, wannan kar ki gaya masa.” Ya daina shan magani, ko yana haɗawa da na gargajiya, ko babu kowa a gida da zai kula da shi. Shi ya sa tun kafin mu zauna nake gaya musu cewa duk abin da ya fito daga bakinsu a ɗakin nan zan maida shi Turanci. Wasu su ji haushi, su ce yaran da suka tashi a nan ba su san rufin asiri ba. Ba na musu. Nakan koma gida a gajiye, ban tabbata na kyauta ba, ban kuma ga wata hanyar ba.

Unguwar ta canja. Maƙwabciyarmu ta koma Kumasi, Baba ya ajiye tasi tun da motocin da ake kira ta waya suka kashe kasuwar, yaran benenmu kuma ka yi musu Hausa su amsa da Turanci. Umma ta bar aiki bara, don gwiwar ta ƙi hawa bas. Kwanan baya ina shafa mata magani na tambaye ta abin da na daɗe ina so in tambaya, ko ta yafe wa tsohuwar nan.

Ta ce, “Tun yaushe. Ai a cikin duk waɗanda na yi wa wanka a ƙasar nan, ita kaɗai ce in ta gaya mini abu ba sai na bincika ba.” Ta miƙe ƙafar da ƙyar. “Amma da ta ce a'a ɗin nan, da yanzu ina taka ƙafata. Duka biyun gaskiya ne. Danna nan ƙasa, nan ne yake ci na.”

Na danna inda ta nuna.